Hamilton, Malamin Lissafin da Ya Karce Jikin Gada

Irlanda tsibiri ne a yammacin ƙasar Ingila. Ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama. Babban birninta shi ne Dablin. A cikin wannan birni aka haifi Wiliyam Rowan Hamilton, ran 4 ga watan Agusta na shekara ta 1805. A lokacin nan Irlanda ba ta da mulkin kanta, tana ƙarƙashin sarautar Ingila.

Babanshi lauya ne, amma ba mai dukiya ba. Su tara aka haifa a gidan, shi ne na huɗu. Yana da shekara 3 aka ɗauke shi aka kai shi riƙo wurin baffanshi, Jemis Hamilton, a wani gari da ake kira Tirim, kamar kilomita 40 daga Dablin. Baffan nan limamin majami'a ne, kuma yana da lakwal tashi. Mutum ne mai son harsuna ƙwarai da gaske. Da ya ga yaron yana da kai, sai ya shiga ɗura mashi karatu ba sassauci.

Kafin yaro ya wuce shekara 5 yana karanta Latinanci da Girkanci da Ibrananci. Daga baya ya taɓa Faransanci, da Italiyanci, da Larabci, da Farisanci, har da harsunan ƙasar Indiya. Mutane sukan ce wai yana da shekara 13 ya san harsuna 13. A ganina an ƙara wa maganar gishiri. Sanin haruffan wani harshe daban, jin harshen daban. Amma ko an rage rabi, abin da ya saura ya isa mamaki.

A shekara ta 1813 aka zo Dablin da wani yaro daga Amurka, sunanshi Zera Kolban. Yaron nan shekararshi 9. Ana yawo da shi gari gari, mutane suna biyan kuɗi su ga yadda yake lissafi da ka. A ba shi manyan lambobi, kafin ka ɗauki alƙalami ya faɗi amsa. Sai aka gwada shi da Hamilton, wanda yake da shekara 8. Kolban ne ya ci. To, yaron da ya saba da yabo a Tirim ya gamu da wanda ya fi shi. Bai yi fushi ya bar abin ba. Daga nan ne ma ya fara maida hankali ga lissafi.

Mamarshi ta rasu a 1817, babanshi kuma ya bi ta a 1819. Yana da shekara 14 ya zama maraya gaba da baya. Ya ci gaba da zama wurin baffa, yana karanta manyan littattafai shi kaɗai. A 1822 yana cikin karanta littafin wani babban masani na Faransa mai suna Lafalas, littafin da ke bayanin tafiyar taurari, sai ya gano kuskure a ciki. Aka kai maganar gaban Jon Birinkili, babban malamin taurari na Irlanda. Birinkili ya duba, ya ga yaro ne ke da gaskiya. Tun daga ran nan ya sa mashi ido.

Karatu, so da aiki

Ya shiga Kwalejin Tiriniti ta Dablin a 1823. Shi ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga, kuma haka ya riƙa zuwa na ɗaya a kan sa'o'inshi.

Shekara guda bayan haka ya haɗu da wata yarinya, Katirin Dizni. Ya so ta, ita ma ta so shi. Amma fa shi ɗalibi ne, ba aiki, ba gida, ba ko sisi. Bai ma kai ga furta maganar aure ba. Iyayenta suka ba da ita ga wani limamin majami'a wanda ya girme ta da shekara 15, aka ɗaura aure a 1825. Ba da sonta aka yi ba. Hamilton ya shiga baƙin ciki mai tsanani, har rai ya nemi ya fita mashi a kai. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a ko'ina cikin duniya. Za mu sake jin sunan Katirin nan gaba.

A 1827 Birinkili ya bar kujerarshi. Manyan malamai suka nemi wurin. Amma shugabannin kwalejin suka zaɓi Hamilton, yana da shekara 21, bai ma gama karɓar takardar gama karatu ba. Aka naɗa shi shehun malamin ilimin taurari. Aka ba shi gidan duban taurari na Dansink, a kan wani tudu, kamar kilomita 8 daga tsakiyar Dablin. A wannan gida ya zauna har ƙarshen ranshi, shekara 38.

Gaskiyar magana, bai zama gwanin duban taurari ba. Aikin na dare ne, cikin sanyi, ido a bakin madubi. Shi kuwa hankalinshi yana ga takarda da alƙalami. Ƴan'uwanshi mata da suka zo zama tare da shi, da wani mataimaki, su ne suka ɗauki yawancin aikin daren. Yana kuma son rubuta waƙa. Ya yi abota da wani shahararren mawaƙin Ingila, Wiliyam Wodswot. Mawaƙin ya karanta waƙoƙinshi, ya gaya mashi cikin ladabi cewa baiwarshi tana ga ilimi, ba ga waƙa ba. Abokin kirki ke nan.

Abin da ya fara ɗaga sunanshi a Turai shi ne maganar haske. A 1832 ya zauna ya yi lissafi a kan yadda haske ke ratsa wani irin dutse mai sheƙi kamar ƙarau. Lissafin ya nuna mashi cewa in aka saita siririn haske ta wata fuska ta musamman, ba zai fita a tsaye kamar zare ba, zai buɗe kamar bakin mazurari. Ba wanda ya taɓa ganin haka. Ya roƙi abokin aikinshi, Hamfiri Loyid, ya gwada. Kafin shekarar ta ƙare Loyid ya samu dutsen da ya dace, ya gwada, ya ga abin da idonshi kamar yadda takarda ta faɗa. Alƙalami ya riga ido gani.

Ya auri Helen Beli a 1833, suka samu ƴaƴa uku, maza biyu da mace ɗaya. A 1834 da 1835 ya fitar da wata sabuwar hanya ta lissafin motsi, wadda ta shafi duk abin da ke tafiya, tun daga jifan dutse har zuwa kewayar wata. A 1835 aka ba shi sarautar girmamawa ta Ingila, yana da shekara 30. A 1837 aka zaɓe shi shugaban majalisar masanan Irlanda. In da ya tsaya nan ma, sunanshi ya riga ya zauna. Amma akwai wata matsala da ta hana shi sakat.

Matsalar lambobi uku

A nan sai mu yi sannu sannu, mai karatu, domin lissafi za mu shiga.

Ka san lambobin da muke ƙirga da su: 1, 2, 3. Akwai kuma lambobi masu alamar ragi a gabansu, kamar −1 ko −5. Ka ɗauke su kamar bashi. Ko kuma ka ɗauke su kamar tafiya: in 5 taki biyar ne zuwa gabas, to −5 taki biyar ne zuwa yamma. Ninka lamba da −1 shi ne juya baya. In ka juya baya sau biyu, ka koma fuskar da kake da farko. Don haka −1 sau −1 ya ba da 1.

Tun kafin Hamilton, masu lissafi sun ƙago wata baƙuwar lamba, suka sa mata harafin i. Halinta shi ne, in ka ninka ta da kanta sai ta ba da −1. Da yawa sun ɗauke ta tatsuniya. Amma tashi tsaye ka fuskanci gabas. Juya hagu, ka fuskanci arewa. Wannan juyi shi ne i. Sake juyawa hagu, ka fuskanci yamma. Ka ga i sau biyu ta sa ka juya baya, wato −1. Ba wani tsafi a ciki.

Da taimakon i, ana iya haɗa lambobi biyu su zama abu ɗaya, misali 3 + 4i. Ma'anarshi taki 3 gabas, taki 4 arewa. Irin waɗannan tagwayen lambobi ana tara su, ana rage su, ana ninka su, ana raba su, komai yana tafiya daidai. Da su ana lissafin duk wani juyi da ake yi a shimfiɗaɗɗen wuri, kamar bisa tabarma.

Sai Hamilton ya ce a ranshi, ai duniya ba tabarma ba ce. Ban da gabas da arewa akwai sama. Tsuntsu yana tafiya ta fuska uku. Me zai hana a haɗa lambobi uku? Ya ƙara wani harafi, j. Tarawa ta yi, ragewa ta yi. Ninkawa ta ƙi. Duk ta inda ya bi sai ya ci karo da tambaya ɗaya: i sau j, mene ne? Duk amsar da ya sa sai wani gefe ya rushe.

Yana da wata doka da bai yarda ya saki ba. Kowace irin wannan lamba tana da tsawo, kuma yana so in an ninka biyu, tsawonsu ma ya ninku daidai. Yau mun san abin da yake nema ba ya yiwuwa da lambobi uku, kuma kai ma kana iya ganin alamar haka. In ka ninka lamba da kanta kana samun 0, 1, 4, 9, 16, haka har gaba. Ɗauki uku daga cikinsu ka tara: 1 + 1 + 1 ya ba da 3. Sake ɗaukar uku: 4 + 1 + 0 ya ba da 5. To, 3 sau 5 shi ne 15. Dokar Hamilton tana bukatar 15 ma ta fito daga tara guda uku. Gwada ka gani. Za ka samu 14, za ka samu 17, amma 15 ba za ta fito ba ko ka kwana kana nema. In kuwa aka ba ka izinin ɗaukar huɗu, nan da nan ta fito: 9 + 4 + 1 + 1.

Shi bai bi ta wannan gajeriyar hanya ba. Ya yi fiye da shekara 10 yana komawa kan matsalar, ya ajiye, ya sake ɗauka. Har ƴaƴanshi suka san da ita. A farkon watan Oktoba na 1843, babban yana da shekara 9, ƙaramin 8. Kowace safiya in ya sauko karin kumallo sai su tambaye shi ko ya iya ninka lambobi uku yanzu. Shi kuma sai ya girgiza kai, ya ce masu har yanzu tarawa da ragewa kaɗai ya iya. Shi da kanshi ya tuna wa ƙaramin wannan labari a wata wasiƙa, shekaru da yawa bayan haka.

Ran Litinin, 16 ga Oktoba 1843, ya fito daga Dansink da ƙafa, zai tafi taron majalisar masana a cikin birni. Matarshi Helen tana tare da shi. Suna bin bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen kaya. Tana yi mashi hira jefi jefi, shi kuwa rabin hankalinshi yana can wani wuri. Suna kusa da wata ƴar gada ta dutse da ake kira gadar Burum, sai abin ya faɗo mashi gaba ɗaya. Ashe ba uku ake bukata ba, huɗu ne. Amsar i sau j ba ta cikin lambobin da yake da su. Sabon harafi ne na uku, k.

Nan take ya ciro ɗan littafin aljihu ya rubuta. Bai ƙoshi ba. Ya zaro wuƙa, babban malami da shi, shugaban masanan ƙasa, ya karce dokar a jikin dutsen gadar kamar yaron lakwal. Ga abin da dokar ke cewa: i sau i ya ba da −1. Haka j sau j, haka k sau k. Kuma i sau j sau k, shi ma −1.

Ya sa wa sababbin lambobin suna kwataniyon, daga kalmar Latinanci mai nufin ƙungiyar huɗu. Mu sai mu ce ƴan huɗu. Kowace ɗaya tana da lamba ta sosai a gaba, sannan kashi na i, da na j, da na k. Misali: 1 + 2i + 2j + 4k.

Amma akwai kuɗin da ya biya kafin ƙofar ta buɗe. Kowa ya san 3 sau 4 daidai yake da 4 sau 3. Tun da aka fara lissafi ba a taɓa wannan doka ba. A cikin ƴan huɗu ta faɗi. In ka ce i sau j ka samu k, amma j sau i sai ya ba ka −k. Haka j sau k ya ba da i, k sau j ya ba da −i. Haka kuma k sau i ya ba da j, i sau k ya ba da −j. Wanda ya riga zuwa yana sauya amsa.

Kada ka ce wannan shirme ne. Ajiye littafin nan bisa tabarma, bangon yana kallon sama, kanshi yana nesa da kai. Juya shi dama, kan ya kalli hannun damanka. Sannan ka tashe shi tsaye, bangon ya kalle ka. Ka ga ya tsaya a kan gefenshi, rubutun a kwance. Yanzu maida shi yadda yake da farko, ka sauya jerin aikin. Fara tashe shi tsaye, bangon ya kalle ka. Sannan ka juya shi dama yadda ka yi ɗazu. Wannan karo ya tsaya daidai, kanshi sama, bangon yana kallon hagunka. Aiki biyu ne iri ɗaya, amma sakamako ya bambanta. Haka juyi yake a duniyarmu, kuma lambobin Hamilton sun bi halin duniya.

Yadda ake rabawa

Abin da ya sa ƴan huɗu suka cika lambobi shi ne ana iya rabawa da su. Ga yadda abin yake.

Raba kuɗi gida 4 daidai yake da ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu, wato ninkawa da 1/4. Kuma 4 sau 1/4 ya ba da 1. To, lambar da za ka ninka wata da ita ka samu 1, bari mu kira ta mabuɗi, domin tana kwance abin da waccan ta ƙulla. Mabuɗin 4 shi ne 1/4. Mabuɗin 10 shi ne 1/10. In kana da mabuɗi, ka iya rabawa.

Mu nemi mabuɗin 1 + 2i + 2j + 4k. Da fari sai a nemo kishiyarta. Ana barin lambar gaba yadda take, a juya alamar sauran ukun. Kishiyar tamu ita ce 1 − 2i − 2j − 4k.

Yanzu a ninka ta da kishiyar. Kashi huɗu sau kashi huɗu, ninki 16 ke nan, amma kada ka tsorata, yawancinsu kashe juna suke yi. Dubi 1 sau −2i, ya ba da −2i. Dubi 2i sau 1, ya ba da 2i. Bashi da biya, sun tafi. Dubi 2i sau −2j, ya ba da −4k. Dubi 2j sau −2i. Da yake j ce ta riga, alamar ta juya, ya ba da 4k. Su ma sun tafi. Ka lura, dokar nan da ta ba mutane tsoro ita ce ta share mana hanya. Haka guda 12 suke ɓacewa biyu biyu.

Saura huɗu, inda kowane kashi ya gamu da irinshi. 1 sau 1 ya ba da 1. Sai 2i sau −2i: 2 sau −2 shi ne −4, i sau i kuma −1, sannan −4 sau −1 ya ba da 4. Na j ma 4. Na k kuwa 16. A tara: 1 + 4 + 4 + 16, ya zama 25. Duk haruffa sun tafi, an bar mu da lamba ta sosai. Wannan 25 tsawon lambar ne sau kanshi. Tsawon shi ne 5, tun da 5 sau 5 ne 25.

Aiki ya kusa ƙarewa. Lamba sau kishiyarta ta ba da 25, mu kuwa 1 muke nema. Sai mu raba kishiyar gida 25. Mabuɗin shi ne 1/25 − 2/25 i − 2/25 j − 4/25 k. Ko ka sa shi a gaba ko a baya, in ka ninka shi da lambarmu 1 za ka samu. Haka ake yi wa kowace ƴar huɗu: juya alamu uku, ninka kowane kashi da kanshi ka tara, raba kishiya da abin da ka samu. Guda ɗaya tak ba ta da mabuɗi, wadda duk kashinta huɗu sifiri ne, domin ba a rabawa da sifiri.

Sauran kwanaki

Washegari ya rubuta wa abokinshi Jon Girebs doguwar wasiƙa yana ba shi labari. Kafin shekarar ta fita, Girebs ya gano wasu lambobi masu kashi 8. Ƙofa ta buɗe ke nan. Masu lissafi suka gane cewa ana iya sauya tsohuwar doka a gina sabon lissafi, muddin bai saɓa wa kanshi ba. Wani Bafaranshe, Olind Rodirig, ya riga ya buga lissafin haɗa juyi da juyi tun 1840, amma bai maida shi sababbin lambobi ba, kuma mutane ba su kula da aikin nashi ba a lokacin.

Hamilton ya gaskata cewa ƴan huɗu ne za su buɗe asirin halitta. Shekara 22 da suka rage mashi, kusan duk a kansu ya ƙarar. A tsakanin nan ƙasarshi ta ga tashin hankali. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talakawan Irlanda. Yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura. Shi yunwar ba ta shiga gidanshi ba, albashinshi yana zuwa.

A 1853 ya buga littafi mai shafi fiye da 700 a kan ƴan huɗu. Littafin ya yi nauyi, ko manyan malamai sun sha wuya da shi. A wannan shekara ce Katirin ta kwanta ciwon ajali. Kusan shekara 30 ke nan da raba su. Ya je ya gaishe ta, suka ga juna, ba da jimawa ba ta rasu. Mutuwar ta girgiza shi ƙwarai.

An yi ta baza magana a kan rayuwarshi ta gida. Wasu littattafai sun ce aurenshi bai yi daɗi ba, Helen kullum ba lafiya, shi kuma ya zama mashayi. Gaskiya ne Helen ta sha jinya. Gaskiya ne kuma a 1846 ya sha giya ya wuce kima a wata liyafar masana, ya ji kunya, ya bar sha har shekara biyu, daga baya ya koma. Amma masu bincike na baya bayan nan da suka sake karanta wasiƙunshi sun nuna tsegumin mutanen gari ya fi abin da ya faru yawa. Ni ma na fi karkata can. Wanda giya ta cinye ba ya zama awa 12 a kan lissafi mai wuya, shekara da shekaru.

Abin da ba a musu shi ne, aiki ya mamaye shi. Yakan manta da abinci. A kawo mashi kwano a ajiye, bai ko kula ba. 

Ya fara littafi na biyu da niyyar ya yi shi gajere mai sauƙi. Littafin ya yi ta tsawo har ya fi na farko. Yana cikin rubuta ƙarshenshi ciwon gaɓoɓi ya kwantar da shi. Yana kwance labari ya zo cewa sabuwar majalisar masana ta Amurka ta sa sunanshi a farkon jerin baƙin masanan da ta girmama. Ya rasu ran 2 ga Satumba 1865, yana da shekara 60. Babban ɗanshi ne ya buga littafin a 1866, yadda uban ya bar shi.

Burinshi bai cika yadda ya so ba. Wajen 1880 zuwa 1900, wasu masana biyu, Gibs na Amurka da Hebisaid na Ingila, suka ɗebi abin da suke bukata daga ƴan huɗu, suka yi wata hanya mai sauƙi. Almajiran Hamilton suka yi ta jayayya da su, amma hanya mai sauƙi ce ta ci. Aka tura ƴan huɗu gefe. Mutane da yawa suka riƙa cewa babban malami ya ɓata rabin rayuwarshi a banza. Lissafin motsin nan nashi na 1834 ne ya fara dawowa, a 1926, lokacin da Shirodinga ya gina ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta a kanshi.

Ƴan huɗu kuwa sai da inji mai ƙwaƙwalwa ya zo suka farfaɗo. Kumbo da tauraron ɗan Adam suna juyawa ta kowace fuska a sararin sama, dole injin da ke ciki ya san ina ya fuskanta a kowane lokaci. Lambobi huɗu sun isa su riƙe wannan, kuma lissafinsu ba ya cijewa. Daga 1985 masu yin hotuna masu motsi a kwamfuta suka rungume su. Wayar salula mai gilashi, wadda ke gane ka karkata ta ko ka kifa ta, ita ma da su take aiki a ciki.

A irin wannan aiki ana amfani da ƴan huɗu masu tsawo 1, kamar 1/2 + 1/2 i + 1/2 j + 1/2 k. Ninka kowane kashi da kanshi, ka samu 1/4 sau huɗu, wato 1. Rabawa da 1 ba ta sauya komai. Ke nan kishiya ita ce mabuɗi. In inji yana so ya kwance juyin da ya yi, alamu uku kawai zai sauya.

Rubutun wuƙar nan ya daɗe da gogewa daga jikin gada. A 1958 shugaban gwamnatin Irlanda, Da Balera, wanda shi ma tsohon malamin lissafi ne, ya buɗe wani allon dutse da aka kafa a wurin, ɗauke da dokar. A 1990 kuma aka fara wata al'ada: ran 16 ga Oktoba malamai da ɗalibai da mutanen unguwa su taru a Dansink, su bi bakin ruwan da ƙafa har gadar Burum.